Kwana Uku da Gishirin Keana

Ranar Asabar da la'asar Salamatu ta dawo daga taron suna a Azuba, da ledar cincin a hannu, ta tarar da 'yarta Mutmainna zaune a ƙasa bayan durom ɗin ruwa, ta haɗa kai da gwiwa. Wankin da aka bar mata yana nan jiƙe a baho, ko rabi ba ta yi ba.

"Ke kuma lafiya? Tun safe abin da kika yi ke nan?"

Mutmainna ta ɗago. Shekararta goma sha shida, saura mata shekara guda ta gama sakandare, kuma ba yarinya ce mai yawan kuka ba. Amma ranar idanunta sun kumbura har ba ta iya buɗe su sosai.

"Mama, Baffa Ɗanliti ne."

Ɗanliti ƙanen babanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa talatin da huɗu, ba mata, yana zaune a ɗakin zaure yana cin tuwon gidan. Da azahar, da ya ga gida ya watse, ya kira ta ta kawo masa ruwa, ya rufe ƙofa, ya yi mata fyaɗe. Haka ta faɗa wa uwarta, ba ta rage komai ba.

Ka san abin da Salamatu ta fara yi? Taga ta rufe. Wallahi taga ta fara rufewa, kafin ma ta taɓa jikin yarinyar. Sannan ta durƙusa ta ce da ƙaramar murya, "Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Mama, akwai magani. Wata nas ta zo makarantarmu ta yi mana bayani. Ƙwaya ɗaya ce tak, in an sha kafin kwana uku su cika tana hana ciki shiga, kuma gwargwadon saurin shanta gwargwadon aikinta. Ta ce in irin wannan ya faru a tafi asibiti, akwai ma wani maganin na kariya daga cuta. Don Allah ki kai ni yanzu."

"Asibiti? A buɗe kati a rubuta sunan ubanki? Kina da hankali kuwa? Rabin masu aikin asibitin nan a wurinsa suke sayen doya."

Salamatu 'yar Keana ce, a gidan masu dafa gishiri ta tashi, kuma duk duniya ba abin da ta yarda da shi irin gishirin garinsu. Ciwon haƙori, shi. Ciwon ciki, shi. Yanka, shi. Ta janyo tukunyar da take ajiye shi a ƙarƙashin gado, ta dumbuzo cikin tafin hannu ta zuba a ruwan ɗumi, ta miƙa wa yarinyar a kofin roba.

"Shanye. Wannan ba irin na kanti ba ne, na gida ne, yana wanke komai. Kakarki da shi ta yi tazarar haihuwa."

Kakar nan 'ya'ya goma sha ɗaya ta haifa, Mutmainna ta sani sarai. Ta sha saboda uwarta ta tsare ta da ido, kafin ta ajiye kofin ta amayar da shi a bakin magudana. Salamatu ta ce madalla, ai dattin ne ke fita. Sauran magana kuma sai maigida Alhaji ya dawo daga Kwandere, inda ya tafi sarin doya, don ita ba za ta yi gaban kanta a kan ƙanen miji ba.

Mutmainna ta yi lissafi a zuci. Ƙarfe biyu na ranar Asabar. Ke nan ƙarfe biyu na ranar Talata kwana uku za su cika.

Ranar Lahadi ta jira har aka taso daga coci, don mai kemis ɗin layinsu, Tersoo, ba ya buɗewa sai ya dawo. Ta ce da uwarta za ta sayo sabulu, ta zura hijabi ta fita tana tafiya da ƙyar. Tersoo ya san ta tun tana goye, shi ke ba ta maganin zazzaɓi. Ta tsaya har mai sayen maganin tari ya fita, sannan ta faɗi abin da take so, kanta a ƙasa.

Ga kwalin nan a cikin gilashi tana gani, ɗan ƙarami, kusa da kwalaben maganin jini. Tsakaninta da shi bai kai kamu biyu ba.

Tersoo ya leƙa waje, ya dawo. "Haba Mutmainna! Kai ƙaramin yarinya ne fa. Wa ya aiko ka?"

"Ni ce nake so. Don Allah, Oga Tersoo. Ba laifina ba ne."

"Abeg, kar ka sa ni a wahala. Wannan shago na babanka ne. In Alhaji ya ji na ba yarinyansa wannan magani, gobe kayana yana kan titi. Je ka kawo mamanka. Ko mama ya zo shi kaɗai, zan ba shi, ba tambaya."

Ta fito ta miƙe har bakin babban titi, inda wata mata ke da kemis. Wannan ko rage murya ba ta yi ba. A gaban mutum uku ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Kun gani ko? Hijabi har ƙasa, amma ji abin da take nema. Fita min daga shago, ba na sayar wa 'yan makaranta." Ɗaya daga cikin mutanen ya yi dariya. Mutmainna ta koma gida ba magani, ba sabulu.

Alhaji Dabo ya dawo bayan la'asar. Tun kafin ya shiga gida Tersoo ya tare shi a bakin layi, don ya wanke kansa, ya gaya masa 'yarsa ta zo neman kaza amma shi bai bayar ba. Saboda haka da wutarsa ya shigo, ko takalmi bai cire ba. Salamatu ta ja shi ɗaki ta yi masa bayani. Mutmainna tana tsakar gida tana jira ta ji ya fito ya nufi zaure. Tana jira ta ji ƙarar ƙofa, ta ji an shaƙe wuyan wani. Da ya fito, wurinta ya nufo.

"Ke da izinin wa kika je kemis?"

"Baba..."

"Na ce da izinin wa? Kin je kin kwance min zani a gaban ɗan haya! Yanzu mutumin da nake karɓar gaisuwarsa kullum ya san abin da ke cikin gidana."

"Baba, saura kwana biyu. In ka ce masa ya bayar zai bayar. Ko kai ka karɓo min."

"Ni? Ni Dabo, in je in tsaya gaban Tersoo in ce ba ni maganin 'yan iska? Maganin hana haihuwa ba zai shigo gidan nan ba ina raye. Yau ki sha, gobe kin samu lasisi. Kuma wa ya sani ko kisan rai ne?"

"Nas ɗin ta ce ba ya zubar da ciki, hana shi shiga yake yi tun..."

"Nas ɗin ce ta haife ki?"

Ya karɓe 'yar wayarta ya jefa a aljihu. Ya ce daga yau ba makaranta, ba ƙofar gida, sai an san abin yi. Abin yi kuwa ba za a san shi ba sai Yaya Ma'u ta zo. Ita ce babbarsu, ita ta riƙe shi da Ɗanliti bayan rasuwar uwarsu, kuma shekara talatin ba a taɓa yanke wata magana a zuriyarsu ba sai tana zaune. Ya buga mata waya can Azuba, ta ce gobe Litinin tana da zaman makoki a maƙwabta, ba za ta tashi ba, sai Talata. Alhaji ya ce to Yaya, Allah ya kai mu.

Da aka sauke tuwo, Salamatu ta zuba na Ɗanliti a kwanon da aka saba zuba masa, har da tsokar nama biyu, ta kai bakin zaure ta ajiye. Ta ce in ba a kai ba maƙwabta za su lura. Kwanon ya dawo a sharce.

Litinin ta fi kowace rana tsawo. Alhaji ya fita rumfarsa tun da hantsi, ya kulle ƙofar gida ta waje. Mutmainna tana jin 'yan makarantarsu suna wucewa ta bayan katanga suna surutu. Jikinta ciwo yake, ba wanda ya duba ta, ba wanda ya tambaye ta ina ke mata ciwo. Salamatu ta sake haɗo gishirin, wannan karon har da kanwa da lemon tsami, wai don ya ƙara ƙarfi. Yarinya ta sha, ta yi amai har sai da ta ga duhu, maƙogwaronta ya ɗaɗe kamar ta haɗiyi garwashi.

Da ta samu numfashi ta rarrafa ta kama ƙafar uwarta. "Mama, akwai ƙaramar ƙofa ta baya, makullin yana wurinki. Minti biyar ne. Oga Tersoo ya ce in ke kika je ba zai tambaye ki komai ba. Ke matar aure ce, ba wanda zai ce miki uffan."

Salamatu ta ɗaga kai. Ta dubi ƙusar da makullin ke rataye. Mutmainna ta ga ta duba. Sai uwar ta janye ƙafarta.

"In ubanki ya ji fa? Ya ce a'a, ni in je in yi? So kike a kore ni da girmana, in koma Keana mutane su ce me? Kuma ai kin sha magani har sau biyu. Ki yi ta addu'a kawai, ba kowane abu ne ke zama ciki ba."

"Mama, gishiri ne fa. Gishirin miya ne."

"To sannu likita. Mu da muka haife ku ba mu san komai ba."

Ta tashi ta koma kan tsintar shinkafarta. Tana tsinta tana hawaye, wannan gaskiya ne, ba za a ce ba ta yi kuka ba. Amma kukan nata bai ɗauko makulli ba.

Ranar Talata Goggo Ma'u ta iso da misalin sha ɗaya a keke, da carbinta da ƙullin goronta. Aka shimfiɗa darduma a falo. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen Azuba, aka yi wa mamacin jiya addu'a, aka kawo kunu. Mutmainna tana rakuɓe a gefen kujera tana kallon agogon bango. Sha ɗaya da rabi. Sha biyu saura.

Aka kira Ɗanliti. Ya shigo da farar jallabiya, ya zube a gaban yayarsa ya fashe da kuka. Sharrin shaiɗan ne. Bai san abin da ya hau kansa ba. Ita ma yarinyar ta shigo masa ɗaki ba ɗankwali. Goggo Ma'u ta zage shi tas, ta ce masa shashasha, ta ce ya ci amanar gida, har ta ɗaga takalmi ta ajiye. Daga nan sai murya ta sauka, aka shiga shawarar da ta tara su: ina za a kai Ɗanliti kafin magana ta fita.

Kai jama'a! Awa guda cur manya uku suna tattauna makomar ƙato ɗan shekara talatin da huɗu. Ko Kano za a tura shi wurin ɗan baffansu mai shagon yadi. Ko a kama masa rumfa a can don ya natsu. Ko a nema masa mata, ai rashin aure ne ya jawo. Alhaji ya ce zai ɗauki nauyin rumfar, ɗan'uwa ɗan'uwa ne, ba a yar da shi.

Aka kira sallar azahar a masallacin layi. Mutmainna ta miƙe tsaye.

"Goggo, saura ƙasa da awa ɗaya. Don girman Allah ki ce su sayo min maganin. Ke za su ji maganarki."

Goggo Ma'u ta juyo kamar yanzu ta lura da ita. "Wane magani?"

Salamatu ta ce, "Na ba ta na gida, Yaya. Sau uku ke nan da na safen nan."

"To ai shi ke nan. Ke yarinya, natsu ki ji. Abin da ya faru ya faru, kuma a ɗakin nan za a binne shi. Mace rufin asiri take nema. Kika bari aka ji, shi namiji ne, gobe zai yi aurensa, ke ce ba mai kallonki. Matso ki ce kin yafe wa baffanki, a yi fatiha."

"Ban yafe ba."

Alhaji ya daka mata tsawar da ta sa kofin kunu ya kife. Ba ta faɗa ba duk da haka. Suka yi fatiharsu ba ita, suka shafa, maza suka fita masallaci, Ɗanliti yana bayan yayansa. Agogo ya buga biyu tana zaune a wurin, ita da ƙudajen da suka taru a kan kunun.

Ranar Laraba Mutmainna ta sake gwadawa. Ta ce nas ɗin ta ce ko an kai kwana biyar wani lokaci yana iya taimakawa. Alhaji ya ce ta ƙara ambaton maganin nan a gidansa sai ya karya ta. Alhamis aka raka Ɗanliti tasha da jaka biyu da buhun doya na tsaraba.

Bayan mako guda aka bar ta ta koma makaranta, aka ce ta ce zazzaɓi ta yi. Wata ya zo ya wuce ba ta ga al'adarta ba. Ta gaya wa uwarta, uwar ta ce firgita ce, ta ƙara mata gishiri. Wata na biyu ta fara amai da safe, ƙamshin manja ma ba ta iya ji. Ta rame, wuyanta ya fito, ta daina ɗaga hannu a aji, ita da malamin lissafi ke kira ta fito allo in kowa ya kasa. A gida kuwa ba mai dubanta ido cikin ido. Alhaji in ya shigo sai ya bi ta ɗaya gefen tsakar gida, kamar ita ce ta yi masa laifi. Wata safiya tana shara ta yanke jiki ta faɗi a kan tsintsiya.

Sai a ranar aka san hanyar asibiti. Ba na kusa ba, a'a. Alhaji ya ɗauki shatar keke har wani ɗan ƙaramin asibiti a can bayan gari inda yake ganin ba wanda ya san fuskarsa, ya kuma sauya hula. Nas ɗin da ta karɓe su, Sista Seember, mace ce mai jiki, ba ta da wasa a fuska. Ta shiga da yarinyar ciki, ta auna ta, ta daɗe, sannan ta kira iyayen.

"Ciki ne, ya kai wata biyu da rabi. Kuma yarinyar nan an ji mata ciwo, ba a kula da shi ba. Wa ya yi mata haka?"

Alhaji ya gyara zama. "Wallahi Sista, yaran zamani ne sai addu'a. Kana fita nema, ba ka san inda suke zuwa ba."

"Shekara sha shida fa. Da kun kawo ta a kwana ukun farko, da wataƙila duk ba mu zo nan ba. Ƙwaya ɗaya ce. Me ya hana ku?"

"Ai ba ta gaya mana ba, Sista. Da ta faɗa, ni mai kai ta har Abuja ne. Sai yau muka sani."

Mutmainna ba ta dubi ubanta ba. Uwarta ta duba. Ta zuba mata ido tana jira, kamar yadda ta jira ranar Litinin ɗin nan. Salamatu ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

"Haka ne," in ji ta. "Ba ta faɗa ba."

Ta faɗa! Ta faɗa tun kafin rana ta faɗi a ranar da abin ya faru. Ta faɗa wa uwa, ta faɗa wa uba, ta faɗa wa goggo, ta faɗa wa masu kemis biyu. Yarinya ta san maganin, ta san kwanakin, ta san shagon, ta taka da ƙafarta ta je duk da ciwon da ke jikinta. Duk abin da ake cewa yaro ya yi, ta yi. Abu ɗaya ta rasa, babba guda ɗaya da zai tsaya kusa da ita ya ce a ba ta. Mai kemis ya ce sai iyaye sun zo, iyaye suka ce kunya ba za ta bar su su zo ba, kowa ya tsare mutuncinsa, aka bar ta ita kaɗai da agogo. Yanzu su ne za su zauna a gaban baƙuwa su ce yaran zamani. In ana neman wanda ya lalace a gidan Alhaji Dabo, a fara daga kan masu furfura. Kuma wanda duk ya ce bai kamata yarinya ta san da irin wannan magani ba, ya zo ya faɗa mana wa zai sani a madadinta, tunda ga waɗanda aka damƙa wa amanar.

Sista Seember ta dubi uban, ta dubi uwar, ta daɗe tana duban yarinyar. Ba yau ta fara aiki ba. Ta janyo sabon kati ta cire murfin biro.

"Zan kwantar da ita, jikinta ba ruwa. Kuma ni da ita za mu yi magana mu biyu, ba ku a ciki. Sunanki?"

"Mutmainna."

"Shekaru sha shida. To, nan wurin kuma sunan wanda ke da alhakin kula da ke za a rubuta, wanda za mu kira in wani abu ya taso."

Alhaji ya matso da kujera, ya yi gyaran murya. "Rubuta Alhaji Dabo, shugaban 'yan do..."

"Sista," in ji Mutmainna. Muryarta ta dishe, amma kowa a ɗakin ya ji ta. "Ki bar wurin babu komai."